Zangon Lenti da Azumin Ɗan Inno

Da sunan Allah muke buɗe wannan zama. Shi ne Ya tara mu, Shi kuma muke roƙo Ya mai da kowa gidansa lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Isa Masama. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Limamin Dalijan, Allah gafarta Malam. Ardo da jama'arsa da suka baro ruga tun da hantsi. Shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan Gwandu da Kalgo. Ma'aikatan asibitin dabbobi na Kalgo, abokan aikin wanda muka taru dominsa. Mutanen Wurogauri da suka zo cike da mota guda, har da na saman kaya. Iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin dogon yaro, waɗanda na san suna jina sarai ko da sun yi kamar ba sa ji. Manya da ƙanana, na gida da baƙi, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina gode wa hedimasta da ya ara mana filin makarantarsa da bencinansa. Ina gode wa ƙungiya da ta ga har yanzu bakina na da sauran amfani. Ina kuma gode wa matan gidan marigayi Malam Sambo da ke can suna tuƙa tuwon shinkafa. Ƙamshin miyarsu ya iso har nan inda nake tsaye, saboda haka na san ba da zuciya ɗaya kuke saurarona ba, kuma zan yi ƙoƙari in taƙaita. Waɗanda suka zauna a ajina sun san abin da taƙaitawata take nufi, sai su gyara zama.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haruna. Na koyar da labarin ƙasa har furfura ta kama ni, na riƙe sakandare har gwamnati ta ce in je in huta. Rabin mazan da ke kan bencinan nan sun sha bulalata, kuma ga su nan sun zama mutane, don haka ba na neman afuwar kowa.

Ƙungiya ta ce in yi magana a kan zaman ɗalibi a Ingila, tunda na taɓa zama can. To, zan yi, amma ba zan yi munafunci ba. Kowa a filin nan ya san abin da ake ciki. Mun taru yi wa Abdulgani ɗan Malam Sambo ban kwana, mun yi shimfiɗa, mun ɗaura lasifika, alhali mutumin da muke yi wa ban kwana ba a sallame shi ba. Wata jami'a a Ingila ta ɗauke shi ya je ya ƙaro ilimi a kan cututtukan shanu. Karatu zai fara a tsakiyar watan Janairu, ga mu a cikin Disamba. In bai bayyana a farkon zango ba, wani za a ba gurbinsa, kuma irin wannan gurbi ba ya zagayowa Dalijan sau biyu. Shi kuwa ya ce ko jirgi zai sauka a ƙofar gidansu ba ya shiga sai mahaifiyarsa ta sa masa albarka. Mahaifiyarsa kuma, Inno, ta ce ba shi zuwa. Da na tambaye ta to tuwon na mene ne, sai ta ce ita baƙi take ciyarwa, ba ta san da wani ban kwana ba.

Abdulgani, ɗaga kanka, ba kai ka yi laifi ba. Matsayin da ka ɗauka shi ne daidai, kuma da ka ɗauki wani da ban zo nan ba.

Kafin wani ya ce tsohon nan ya rasa kunya, yana kiran sunan dattijuwa a lasifika, bari in tuna muku: uwar Inno da ubana ciki ɗaya suka fito. 'Yar gwaggona ce, taubashiyata ce. Tun muna tsirara take tsokanata, ita ce ta fara kirana Baturen Gona ranar da na dawo daga Ingila da kwat, kuma har yau ba ta daina ba. Abin da Liman ba zai iya faɗa mata ba don girmamawa, abin da Abdulgani ba zai iya faɗa mata ba don biyayya, ni al'ada ta ba ni damar faɗa, ko da a gaban Hakimi ne. Yau ranar ramuwata ce, Inno.

Ga yadda abin ya faro. Ana zaune a tsakar gida ana murna, sai Abdulgani ya ce zai fara karatu a zangon da suke kira Lenti. Babu wanda ya kula, don babu wanda ya san kalmar, sai mutum ɗaya: ƙanin babansa, Sule, wanda ke lodin shanu a tirela yana kaiwa kudu. Ga shi can ya sunkuyar da kai. Ɗago, Sule, ai yau ka yi suna. Aka ce mini Sule ya ajiye ƙwaryar furarsa ya ce, "Kwas! Lenti? Ai ni na san shi, shi ya karya ni bara waccan a Anacha. Azumin Kiristoci ne. Toka ake shafa musu a goshi, su bar cin nama, shanu su tsaya a kara suna ramewa babu mai taya su. Wanga shi za a kai yaron ga ya yi?"

Inno ta ce, "Mi?" Shi ke nan, daga ranar ba ta ƙara cewa komai ba sai, "Ba shi zuwa. Ɗana ba shi yin azumin da ba namu ba." Kafin kasuwar Gwandu ta sake ci, labari ya kai Masama cewa sai an shafa wa Abdulgani toka kafin a ba shi kujera. Da ya kai Wurogauri kuwa, har an ƙara cewa za a rantsar da shi ya bar cin nama. Wani dattijo ya tare ni a bakin masallaci yana huci, ya ce, "Malam, ina amfanin likitan shanu a wurin mutanen da suka yi wa nama yaji?"

Magana ta farko ita ce, Sule bai yi ƙarya ba. Ina so a ji wannan da kyau, don na ji wasu samari masu takarda suna yi masa dariya, alhali su ko Lentin ba su taɓa ji ba sai a bakinsa. Akwai azumin Kiristoci mai wannan suna, kwana arba'in ne kafin bikinsu na Ista. Wasunsu na shafa toka a ranar farko, wasunsu na ƙaurace wa nama, musamman ran Juma'a. Abin da Sule ya gani da idonsa gaskiya ne, kuma shanunsa sun rame da gaske, na gan su da aka dawo da saura. Inda Sule ya kauce hanya shi ne da ya ɗauka jami'a ma kasuwar Anacha ce.

Magana ta biyu. Turawan Ingila mutane ne masu ƙyashin jefar da tsohon abu. In kujera ta karye sai su ɗaure ta su ce tarihi ce. Tsofaffin jami'o'insu malaman coci ne suka kafa su, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, lokacin da babu kalanda a bangon kowa, kuma mutum bai san lokaci ba sai da bukukuwan addininsa. Sai suka raba shekarar karatu zango uku, kowane zango suka laƙaba masa sunan bikin da ya faɗo kusa da shi. Zamani ya juya, coci ta saki makarantun, ɗalibai suka zo daga Hindu da Misra da Sin, amma sunayen na nan daram, ba wanda ya taɓa su.

Zangon farko, na lokacin kaka, da yawansu suna ce masa Mikilmas, wato bikin Mala'ika Mika'ilu. Kun ga Liman ya gyara rawani, an zo wurin da ya sani. Da a ce a wancan zango aka kira Abdulgani, na rantse Inno da kanta za ta ɗaure masa kaya, ta ce ɗanta ya tafi zangon mala'ikan ruwan sama, ya roƙo mana damina mai albarka.

Amma zango na biyu, wanda ke farawa a Janairu, nan ne suka kasa haɗa baki. A Kambirij suna ce masa Lenti, wasu jami'o'in kuma suka bi su, ciki har da wadda ta ɗauki ɗanmu. A Okisfod suna ce masa Hilari. A Daram, can arewa inda na zauna, Efifani ake cewa. In ka haura ƙasar Sikotlan kuwa, akwai inda za ka ji Kandilmas, wato bikin kyandir, ranar da suke kai kyandirori coci a yi musu addu'a. Sanyi ɗaya ne, watanni ɗaya ne, jarrabawa ɗaya ce ke jiran kowa, amma suna huɗu, kuma kowa na ganin nasa ne na masu hankali. Ku da kuke gardama a kan ko furar Gwandu ta fi ta Kalgo, ku kwantar da hankalinku, ba ku kaɗai Allah Ya jarrabta ba.

Shi Hilarin nan na bi diddiginsa, don na ɗauka wata mace ce mai kuɗi da ta gina musu makaranta. Ashe wani babban limamin coci ne da ya zauna a ƙasar Faransa, ya rasu tun kafin zuwan Musulunci da ƙarnuka, ranar tunawa da shi kuma ta faɗo a tsakiyar Janairu. Na kai wa wani abokina ziyara a Okisfod, na tambayi ɗalibai Turawa da ke cin abinci tare da mu ko wane ne Hilari. Ɗaya ya ce bai sani ba. Ɗaya ya ce yana jin wani sarki ne. Na ukun ya ce in miƙo masa gishiri. A Daram kuma na tambayi wani ɗan ajinmu, ɗan mai haƙar kwal, abin da Efifani ke nufi, sai ya ce, "Haruna, lokacin da ruwan famfo ke daskarewa ke nan." Mutanen da ake tsoron za su sa ɗanmu ibadarsu ke nan, jama'a, su kansu sai an tuna musu.

Magana ta uku, kuma a nan nake so mu dubi kanmu. Mu me muke yi? Watan Rajab me muke ce masa a gidajenmu? Watan azumin tsofaffi. To, Inno, a watan azumin tsofaffi aka ɗaura miki aure, ina wurin, ni na ci naman da aka ajiye wa abokan ango. Kin tsufa a ranar? Ko ango ya ɗauki azumi? Muna cewa za a yi biki a watan cika-ciki, ba kuma wanda ya ɗauka kullum cikinsa zai kwana a cike har wata ya ƙare. Suna ne kawai muka sa wa lokaci don mu gane shi.

Ku je Kalgo, bakin tasha, shagon Obinna mai kayan babur. Shekarunsa a garin sun fi na wasunku a duniya. Ka kai masa babur ka ce yaushe kaya za su iso, sai ya ce maka bayan Sallah. Ka ce wace Sallah, ya ce Babba. In watan azumi ya kama yakan rufe shago da wuri, don ya san babu mai zuwa. Da kalandarmu yake ciniki, da ita yake tafiya gida, da ita yake dawowa. Ran Lahadi kuma ya sa fararen kayansa ya tafi cocinsa. Liman, ko ka taɓa ganin Obinna a sahu? Liman ya ce bai taɓa ba. To, in zama cikin Sallarmu bai musuluntar da Obinna ba, yaya zama cikin Lentinsu zai kiristantar da yaron da ya sauke Alƙur'ani a zauren Liman tun bai fara gemu ba?

Na ce maganata uku ce ko huɗu? Ban faɗa ba? Madalla, ashe ban ɗaure kaina ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don ba a takarda na karanta ba. Na sauka Daram a farkon shekarar sittin da huɗu, a cikin wannan zango da muke magana. Aka ba ni ɗaki a gidan wata tsohuwa, mijinta ya mutu. Ban daɗe da sauka ba watan Ramadan ya kama. Tsohuwar nan ta kawo abincin safe na ce na gode. Ta kawo na rana na ce na gode. Kashegari ma haka. A rana ta uku sai ga ta a bakin ƙofa, fuska a murtuke, ta ce in girkinta ne ba na so in fito fili in faɗa, ita ba ta son ƙumbiya-ƙumbiya. Na zaunar da ita na yi mata bayani da ɗan Turancina. Sai ta ce, "Ko ruwa?" Na ce ko ruwa. Ta ce, "Uwarka ta san kana wannan a cikin sanyin nan?" Na ce ita ta koya mini.

Daga ranar, jama'a, tsohuwar nan ta zama ladanina. Da yamma sai ta tsaya a taga tana leƙen sama, da ta ga duhu ya fara sai ta buga bene da sandar tsintsiya ta ce in sauko. Ta je ta sayo sabuwar tukunya don kada ta dafa mini abinci a wadda naman alade ya taɓa. Da nata azumin ya zo, na ga ta bar shan sukari a shayi, iyakarta ke nan, kuma ko sau ɗaya ba ta ce in taya ta ba. Wata rana na ce mata wahalar ta yi yawa. Ta ce ɗanta ɗaya ne, yana aikin jirgin ruwa, ba ta san ƙasar da yake ba a ranar. Ta ce, "Ina ajiye maka abinci da zafi, ko Allah Ya sa wata ta ajiye wa nawa." Ba zan ce muku duk Turawa haka suke ba. Na gamu da masu wulaƙanci, na gamu da wanda ya tashi daga kujerar bas don na zauna kusa da shi, kuma Abdulgani ma zai gamu da su. Amma mai shafa mini toka ban gamu da shi ba, ban kuma ji wanda ya gamu da shi ba.

Yanzu zan bar wasa. Mai lasifika, ɗan juya ta wajen mata.

Inno, na san ki tun ba ki iya ɗaura zane ba, kuma ke ba sakarya ba ce. Matar da ta riƙe gidan Malam Sambo a shekarar ciwon bushiya, lokacin da garke ya kwanta a gabanku ɗaya bayan ɗaya har aka rasa wadda za a tatsa, matar da ta hana a cire Abdulgani daga makaranta a wannan shekara alhali kowa na cewa a cire shi, ba tokar Sule ce za ta firgita ta ba. Tokar ta zo miki a daidai ne, kika samu abin riƙewa. Liman ya yi miki bayani, kin ji. Shugaban taro ya yi miki, kin ji. Abin da ke ranki daban ne, kuma kunyar ɗan fari ta hana ki faɗa, ke da ko sunansa ba kya kira. To, ni zan faɗa miki.

Malam Sambo ya rasu bayan Sallah Ƙaramar da ta wuce. Azumin da ke tafe shi ne na farko da za ki yi babu shi. Kuma azumin bana zai kama ne a cikin Fabrairu, tsakiyar wannan zango na Lenti. Kin lissafa, na san kin lissafa, kin ga za a kira magariba ki duba tabarmar da mutum biyu ke zama ki tarar babu ko ɗaya. Wannan shi ne abin da ke damunki, kuma wallahi ba abin kunya ba ne. Ni ma da nake tsaye a nan ina kewarsa. Sambo abokina ne tun kafin ya zama mijinki, kuma har yau in na biyo ta ƙofar gidanku sai na rage tafiya kamar zai fito.

Ba zan ce miki ba za ki ji zafi ba. Za ki ji. Amma ki tuna yaron da ya tsaya a bakin ramin da aka binne shanunku, shi ne ya ce zai koyi maganin abin nan. Ya koya iyakar abin da ake koyarwa a nan. Ardo na zaune, a tambaye shi rugage nawa yaron nan ya taka da babur yana allura, rana da ruwa. Abin da ya saura sai can. In bai je ba, ba zai ce miki komai ba, zai ci gaba da gaishe ki safe da yamma har ƙarshen rayuwarki, kuma kullum za ki riƙa ganin abin a idonsa. Na san ki, wannan zai fi tabarmar yi miki ciwo.

Ga kuma abu ɗaya da zan ba ki, daga tsohon malamin labarin ƙasa, ba shi da shanu ba shi da gona sai wannan. Kalmar nan Lenti, kafin coci ta ɗauke ta, kalmar manoma ce, tana nufin lokacin da yini ke ƙara tsawo bayan sanyi. A ƙasarsu rana na saurin faɗuwa a farkon shekara, sannan kullum ta riƙa ƙara jinkiri. Agogonsu kuma yana bayan namu da awa guda. Na zauna na auna. A farkon azumin bana, Abdulgani zai riga ki shan ruwa da ɗan lokaci, ga sanyi, ba ƙishirwa, azumin 'yan gata zai yi. Amma kullum magaribarsa za ta riƙa matsowa kusa da taki, tana matsowa, tana matsowa, har in an shiga goman ƙarshe su haɗu. Ladanin Dalijan zai ɗaga murya, ki kai dabino baki, shi ma a daidai wannan lokaci yana kai nasa. Ba tabarma ɗaya ba ce, na sani. Iyakar abin da zan iya samo miki ke nan.

Ban ce ki ba ni amsa a gaban jama'a ba. Ɗanki ne, ba na ƙungiya ba, ba na gwamnati ba. In kin ce a'a, za mu ci tuwonki mu watse, kuma babu wanda zai ƙara tayar miki da maganar, ni ne zan fara hanawa.

Shugaba, da wannan nake so in... A'a, ku dakata. Ku ba Jummai hanya, ga ta nan tafe daga wajen mata. Ƙanwar Abdulgani ce, ga waɗanda ba su sani ba. Matso, 'yata, faɗa mini a kunne, wannan na dama, na hagun ya yi ritaya tare da ni.

To. To. Sake faɗin na ƙarshen.

Jama'a, saƙo ne daga Inno, kuma an ce in faɗa yadda aka faɗa, kada in sa Turanci a ciki. Na farko, ta ce a gaya wa Baturen Gona bakinsa ya yi yawa, kuma ba shi da rabo a tuwon yau. Na karɓa. Na biyu, ta ce a gaya wa Sule ya riƙa shan furarsa yana shiru.

Na uku... ku yi mini haƙuri, tsufa ne, ido ba ya riƙe ruwa. Na uku ta ce, "Shi tafi. Allah Shi yi mai albarka, Shi kai shi lafiya, Shi maido muna shi lafiya." Amma da sharaɗi. Ta ce kada ya ɗauki azumi da ganin watan kowa sai wanda aka sanar daga Sakkwato, kada kuma ya ajiye sai ranar da muka ajiye. Ta ce in ba za su zauna wuri ɗaya ba, to su ɗauka rana ɗaya, su yi Sallah rana ɗaya.

Wannan fatawa ce, ta fi ƙarfina, na miƙa wa Liman. Liman ya ce a je da haka, sauran bayani zai yi wa yaron a zaure. Alhaji Isa kuma ga shi yana ɗaga hannu, ya ce akwai waya a ofishinsa a Birnin Kebbi, da an ga wata shi zai buga wa Abdulgani da kansa. Kun ji, ku ne shaidu.

Abdulgani, me kake jira a nan? Ba ni za ka gode wa ba. Cire takalmanka ka tafi can ƙarƙashin dogon yaro ka durƙusa. Ba za ta dube ka ba, kada ka damu, kai dai ka durƙusa. Ku buɗa masa hanya.

Sauranmu mu ɗaga hannu. Ya Allah, Ka jiƙan Malam Sambo, Ka haskaka kabarinsa, Ka kai masa labarin wannan rana. Ya Allah, Ka tsare yaron nan a ƙasar da ba shi da kowa, Ka tsare masa addininsa, Ka buɗa masa abin da ya je nema, Ka haɗa shi da mutanen kirki, Ka dawo mana da shi ya amfani shanun talakawa. Ka ba mu damina mai albarka, Ka raba garkunanmu da annoba, Ka ba Sule kasuwa ko a cikin Lenti. Ka zaunar da Gwandu da Kalgo da jiharmu lafiya, Ka mai da kowa gidansa cikin aminci. Ita kuma baiwarKa da ta ba da abin da ya fi komai yi mata wuyar bayarwa, ya Allah, Ka sanyaya mata zuciya, Ka zama abokin zamanta a kowace magariba har ɗanta ya dawo.

Na gode.